Safar Saje Iliya

Shekarar da Saje Iliya ya yi busarsa ta ƙarshe, Allah ya jiƙansa, sanyin da ya sauka a Alƙahira irin mai shiga ƙashi ne. Suna zaune a unguwar Faisal, can sama a wani dogon bene, daga shi sai matarsa Murja, don yara duk sun girma suna gida Najeriya. Direba ne a ofishin jakadanci. Amma kafin tuƙi soja ne, ɗan badujala, kuma ba ganga yake bugawa ba. Algaitar nan ta Turawa mai salka yake busawa, wadda ake matsewa a hammata, bututanta suna kwance a kafaɗa. Mai busa ta kuwa ba ya sa wando. Akwai wani ƙyalle mai nauyi, mai zanen gida-gida ja da kore, mai tattara ta baya, shi ake ɗaurawa a ƙugu ya tsaya daidai kan gwiwa. Saje yana ce masa kilti. Murja a ranta siket take ce masa, ko da yake bakinta bai taɓa furtawa a gabansa ba.

Lokacin suna bariki abin bai dame ta ba. Duk matan 'yan badujala haka mazansu ke fita, ranar fareti ma har guɗa suke yi. A Faisal ne ya zame mata abin ɓoyo. Maƙwabtansu ɗaliban Azhar ne da matansu, mutanen da ko atishawa suka yi sai sun kawo hadisi. Ita Murja tana zuwa ta'alim ɗakin Humaira, matar Malam Abdurrahim, yarinyar da a haife ta haife ta. A wurin ita ce babba a shekaru, ita ce kuma ƙarama a karatu, har yanzu da yatsa take bin baƙi. Abin da ya riƙe mata mutunci a cikinsu shi ne mijinta: dattijo mai furfura, doguwar riga har idon sawu, sahun farko a masallaci. Shi ya sa ta tura akwatin ƙarfen da kayan ke ciki can ƙuryar ƙarƙashin gado, ta jibga masa barguna.

Ana nan sai aka kawo sabon jami'in soja ofishin, Kanar Jesse. Ranar da Saje ya ɗauko shi daga filin jirgi, Kanar ya yi ta kallon ƙeyarsa, can ya tambaye shi ko ya taɓa zama Zariya. Ashe yana ƙaramin hafsa Saje ne ya busa musu ranar da aka yaye su. Nan take Kanar ya ce bana ranar tunawa da sojojin da suka rasu ba za a kunna kaset ba, Saje ne zai busa, a lambun gidan jakada, gaban baƙi.

Ran nan Saje ya hau benen nan bai tsaya hutawa ba, ga ledar basbusa, alawar Masar, a hannu. Ko ruwa bai sha ba ya durƙusa ya jawo akwatin. Kilti na nan lafiya, sai ƙanshin ajiya. Salka ta ɗan bushe, ya ce wannan mai sauƙi ne. Da ya ɗago safa kuwa sai ya ga ɓarna. Asu ya cinye ta. Ya zura hannu ciki, yatsunsa suka leƙo ta wuri uku.

Ya sha gaya mata ta riƙa shanya kayan, ta zuba kafur. Takan ce to. Amma shanya a Faisal a baranda ake yi, kuma barandarsu tana kallon ta Humaira. Ya dai juya safar ya sake juyawa, kamar mai duba ciwo a jikin jaririnsa.

Matsalar ita ce washegari zai tafi da wasu baƙi Iskandariyya, ba zai dawo ba sai ana gobe taro. Dole ita za ta nemo. Ya zaunar da ita bakin gado yana yi mata bayani a hankali, yadda yake yi wa sababbin yara a bariki. Ya ce ba kowace safa ba ce. Ta ulu ce zalla, mai kauri, saƙar hannu in an samu, fara mai ɗan duhu kamar madarar da aka dafa. Sama tana da ado, don nan ake naɗowa. Ya ɗora yatsu uku ƙasa da gwiwarsa ya nuna mata inda naɗin ke tsayawa, ya nuna wasu igiyoyi biyu na roba masu jan ƙyalle da ake ɗaurawa a ƙarƙashin naɗin, su riƙe safar, bakin jan yana leƙowa. Ya ce mai busa ko ya fi kowa iyawa, in safarsa ta karkace, ita za a kalla, ba za a ji busar ba.

Ya ba ta ƙafa ɗaya ta tsohuwar ta tafi da ita. «Ki nuna musu wannan, Murja. Wanda ya sani zai gane.»

Larabcinta na cefane ne, na tumatir da albasa. Ta kwana biyu tana juya abin, ta ga ba makawa sai da Humaira. Ta same ta ta ce ta raka ta kasuwa za ta sayi safar sanyi. Humaira ba ta tambayi ta wa ba. Murna ma ta yi, don dama tana son fita. A mikrobas, ƙaramar motar haya, Humaira take ba ta labari wai ofishin jakadanci ya aiko wa ƙungiyar ɗalibai goron gayyata, har mota za a turo, kuma an ce Baba Saje ne zai yi busa. Ta ce ita ba ta san Baba ya iya algaita ba, Malam ma ya ce duk da kiɗa akwai magana a kansa, tunda na soja ne kuma na janaza, za su je don girmama shi.

Murja ba ta taɓa kawowa za su je ba. Ta ce eh, ya ɗan taɓa a da. Ta juya tana kallon titi.

A kasuwar Ataba safa kamar ƙasa. Tuli-tuli a kan tebur, a kan mota, a kan kafaɗar masu talla, kowa na ihu yana kaɗa tasa. Duk wanda ta nuna wa tsohuwar sai ya ce tamam, akwai, ya zaro ta 'yan ƙwallo mai ratsi, ko wata shara-shara da in ka ja ta kana hango tafin hannunka. Wani ya shinshina ta Saje ya yi dariya, ya ce wannan ta zamanin kakansa ce. Sun yi yawo har ƙafar Murja ta fara zugi. Daga ƙarshe wani mai sayar da zaren saƙa ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ce irin wannan ba a Ataba ba, su tafi Wustul Balad, wato tsakiyar gari, ya kwatanta musu shagon wani tsoho, Ammu Mu'tasim.

Shagon na cikin wani lungu, ɗan ƙarami, katako ko'ina, yana warin ulu da tsohuwar takarda. Tsohon na zaune da gilashi a kan hanci. Da Murja ta miƙa masa safar, sai ya miƙe tsaye. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya shafa, ya bi saƙar da farce. Bai tambaye su komai ba ya jawo tsani ya hau, ya sauko da wani kwali da ƙura ta rufe.

Ko da ya buɗe, Murja ta san ita ce. Fara mai duhun madara, mai nauyi a hannu kamar ɗan tsako. An yi mata tufka biyu tun daga idon sawu har sama, suna hawa juna kamar kitso, sannan a bakin akwai ado mai faɗi, ƙulli-ƙulli. Ta zura hannu ciki, ɗumi ya kama ta nan da nan. Babu ɗinki ko ɗaya da zai ci wa mutum yatsa. Ta fi tsohuwar kyau nesa ba kusa ba. Humaira na fassarawa: wai wata tsohuwa ce a unguwar Shubra take saƙa masa su da hannu, yanzu idonta ya mutu, waɗannan ne suka rage. Wai a wanke da ruwan sanyi, kada a murɗe, a shimfiɗa a inuwa. Har Murja ta fara ganin fuskar Saje in ya buɗe ledar.

Sai tsohon, don jin daɗinsa ya samu wanda ya san kaya, ya ciro wani hoto daga jikin bango ya ajiye musu. Wasu maza ne a jere, kowanne da salka a hammata, kowanne da kilti, gwiwoyi a waje.

Humaira ta kai fuska kusa. Ta toshe baki da gefen hijabinta, kafaɗunta na rawa.

«Anti Murja, zo ki ga ikon Allah. Maza da siket. Ji wannan mai gashin bakin, ko kunya.»

Murja ta leƙa. Tsayuwarsu irin ta Saje ce sak, ƙirji gaba, haɓa sama.

Humaira ta ci gaba, dariyar ta koma wa'azi. Ta ce al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa, wannan ko yaro ya sani. Ta ce su dai waɗannan ba su da mai gaya musu, amma abin tausayi matansu, yaya mace za ta iya ɗaga kai a unguwa. Sannan ta juyo tana jiran Murja ta taya ta.

Murja ta yi dariya. Ta ji fitarta daga bakinta, wata 'yar siririya, busasshiya. Har ta ƙara da cewa, «Allah ya kyauta.»

Tsohon bai ji Hausa ba, amma ya ji dariya. Ya ɗauke hotonsa a hankali ya mayar bango. Ya tambaya, ta bakin Humaira, ƙafar mai gidan babba ce ko ƙarama.

«Wane mai gida?» in ji Humaira. «Anti, ba taki ba ce?»

Murja ta ce tata ce. Ta ce gwiwa ke damunta da sanyi.

A tsaye a wurin lissafi ya zo mata, kuma a lokacin gani ta yi kamar Allah ne ya kawo mata mafita. Ranar taro dai kowa zai gani, wannan ba makawa. Amma in safar ta haye gwiwa ta shige ƙarƙashin kiltin, ai ba fatar da za ta fito. Za a ce ya sa baƙon kaya, ba za a ce ya yi tsiraici ba. Malam Abdurrahim ba zai samu abin faɗa ba. Ta ɗauki kyakkyawar safar ta gwada a ƙafarta ta kan zane, ta ce ai wannan ta yi gajarta, ita mai wuce gwiwa take so.

Humaira ta ce dama ita ma ta ga wannan ta maza ce, kuma ta yi nauyi. Tsohon ya ce mai wuce gwiwa sai ta mata, shi ba ya sayarwa. Ya tsaya yana kallon Murja ta saman gilashi, ya kalli tsohuwar safar da ta kawo, wadda ƙafar da ta buɗa ta ta kusa biyun tata. Ya ninke tasa ya mayar cikin kwali, ya ce ma'alish, wato ba komai, ya hau tsani.

A wani shagon kayan mata da ke bakin titi suka saya. Humaira ce ta zaɓa. Fara ce fat, doguwa har cinya, saƙar inji, mai laushi, da ɗan leshi a baki da ƙaramin ribom. Humaira ta ce ta yi kyau, Baba Saje zai ga amarya. Murja ta sake yin dariya. A hanyar dawowa ta rungume ledar a cinya har Faisal, ta ce kanta ke ciwo.

Saje ya dawo ana gobe taro, da la'asar, a gajiye. Bai cire takalmi ba ya tambayi safa. Ta miƙa masa ledar ta shige kicin, ta kunna famfo, tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Da ta leƙo ta same shi zaune bakin gado, ya riƙe safar ta sama, tana reto har ƙasa, ribom ɗin na tsakanin yatsunsa.

Ta fara zuba tun bai tambaya ba. Ta ce sun zaga Ataba kaf, sun je Wustul Balad, babu irin tasa a garin nan, kowa ya ce an daina yi. Ta ce wannan ma da ƙyar. Ta ce ai da sanyin nan gara mai tsawo.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya tambaye ta da wa ta je. Ta faɗa. Ya tambaya ko mutanen unguwa za su je goben. Ta ce an ce za a turo mota.

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

«Gwiwar ce, Murja?»

Ruwa na ta zuba a kicin.

«Tun yaushe?»

Nan ma ba ta amsa ba. Ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsar, ya ce, «To.» Ya nemi reza, ya zauna kusa da taga inda haske yake, ya farke leshin da ribom ɗin a hankali, zare bayan zare, bai yanki saƙar ba. Ta so ya yi faɗa. Ta so ya ce ta koma ta canzo, da ta ce masa ga shagon, ga lungun, ga tsohon. Sau biyu maganar na zuwa mata har baki. Amma in ta faɗa, sai ta faɗi hoton, ta faɗi dariyar. Ta haɗiye. Ya ci tuwonsa, ya yi mata sannu da aiki, ya shafa wa salkarsa mai.

Da safe shi ya riga fita, kayan na cikin jaka, a can zai shirya. Har ya kai ƙofa ya dawo ya miƙa mata igiyoyin nan biyu masu jan ƙyalle. Ya ce ta ajiye, yau ba su da wurin zama. Ta jefa su cikin jakar hannunta don ba ta san inda za ta sa su ba.

Lambun gidan jakada ya cika. An jera fararen kujeru a kan ciyawa, ga tuta, ga furanni a gindin wani allo. Gaba manyan baƙi ne, sojojin ƙasashe iri-iri da matansu, kowa ƙirji cike da lambobi. Ɗalibai na baya, maza gefe, mata gefe. Murja na tsakiyar 'yan ta'alim, Humaira a damanta. Rana ta fito amma iska na kaɗawa.

Aka yi addu'a ta Musulmi, aka yi ta Kirista, aka yi jawabi. Sai ga Saje ya fito daga gefen gini, yana taku ɗai-ɗai, salka a hammata.

Daga wuya zuwa ƙugu babu abin da za a ce. Maɓallai na walƙiya, hula ta zauna, kilti ya sha guga. Daga nan zuwa ƙasa kuwa fari ne fat, santal, babu naɗi, babu ja, babu gwiwa. Ya ja safar har can sama yadda take so. Ƙafafun tsohon soja sun koma kamar na 'yar makarantar da aka shirya wa biki.

Ɗaliban ba su san yadda abin yake ba, su kiltin suke kallo, wasu sun ɗaga waya. Amma na gaba sun sani. Murja ta ga wani jan Bature ya taɓa na kusa da shi da gwiwar hannu. Ta ga wata mata ta sunkuyar da kai tana neman abin da ba ta yar ba a cikin jaka, bakinta na rawa. Wani hafsan Masar ya ɗaga gira ya kau da kai.

Humaira ta kama hannunta. Da farko baki kawai ta buɗe. Sannan idonta ya sauka ƙasa, ya tsaya.

«Anti,» ta ce ƙasa-ƙasa, «wannan ba safar da muka sayo ba ce?»

Ta bayansu ta ji. Ta gaya wa ta kusa da ita. Murja na jin maganar tana tafiya a layin kamar wuta a busasshiyar ciyawa: safar mata ce, ta mata ce ya sa. Wata ta ce wayyo Baba. Abin da Murja ta gudu bai kai wannan ba. Kuma ba shi ya jawo ba.

Kanar Jesse ya taso da sauri, fuska a ɗaure, ya tare Saje kafin ya kai wurin tsayawarsa. Daga nesa ba a jin abin da yake faɗa, amma ana ganin hannunsa yana nuna ƙasa. Saje ya ƙame, ido gaba. Bai nuna kowa ba, bai waiwayi inda mata suke ba. Bakinsa ya motsa sau ɗaya, irin amsar da soja ke ba na gaba da shi, ya rufe. Kanar ya sake magana, Saje bai sunkuya ba. Murja ta gane: an ce ya gyara, ya ƙi. Ya riga ya ce mata to.

Sai Kanar ya juya ya ɗaga wa mai kula da lasifika hannu. Mutumin ya fara laluben wayarsa. Za a kunna kaset ke nan, Saje ya koma bayan gini da salkarsa.

Murja ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Humaira ta riƙe mata mayafi, ta fizge. Ta bi ta tsakanin kujeru tana taka ƙafafun mutane ba ta ba da haƙuri ba, ta wuce ɗalibai, ta wuce Malam Abdurrahim, ta wuce masu lambobi. Filin ciyawar nan da ta gani ɗan kaɗan daga kujera sai ya yi mata faɗi. Takalminta na nutsewa. Wani mai tsaro ya yunƙuro, Kanar ya tsayar da shi da ido.

Ta zube a gaban mijinta, gwiwa biyu a ƙasa.

«Murja,» ya ce, bai sauke kai ba, leɓensa kawai ke motsi. «Bar shi. Na ce miki to.»

Ta sa hannu ƙarƙashin bakin kiltin, gaban jakada, gaban malamai, gaban kowa, ta kamo bakin safar dama ta jawo ta ƙasa. Ta yi tsawo da yawa, sai da ta ninka ta sau biyu, ta sake ninkawa, kafin naɗin ya yi kauri. Ta zazzage jakarta a kan ciyawa, carbi da makulli da 'yan tarkace suka watse, ta tsinci igiyoyin. Ƙugiyar ta ƙi shiga, ta sake. Ta ɗora yatsu uku ƙasa da gwiwarsa, ta daidaita naɗin a nan, ta jawo jan ƙyallen ya leƙo ta gefe. Ta koma ta hagu.

Da ta gama sai ga gwiwoyin a fili, a gaban idonta. Sun yi furu-furu, sun bushe, don bai shafa musu komai ba, ya ɗauka a rufe za su wuni. Sun tsufa. Rabon da ta kalle su da rana har ta manta. A cikin tarkacen akwai ɗan gwangwanin man kaɗanya da take shafa wa leɓe. Ta buɗe, ta lakato, ta murza a tafin hannu, ta shafe su ɗaya bayan ɗaya har suka yi baƙi suka yi sheƙi. Ba wanda ya yi tari a lambun nan.

Safar dai ba ta zama ta kirki ba. Fara ce fiye da kima, siririya, naɗin ya yi tudu a gefe guda. Duk wanda ya sani zai gane ba ita ba ce. Ta kirkin tana can cikin kwali a shagon tsohon nan, ita ta sani, shi bai sani ba.

Kanar Jesse ya dubi ƙafafun, ya dubi matar da ke durƙushe, ya sauke wa mai lasifika hannu. Ya ja da baya, ya ƙame.

Saje ya hura salka. Ta kumbura a hammatarsa, ta yi gurnanin nan nata mai tsawo, sannan kukan ya fito. Kowa ya miƙe tsaye, sojoji suka sara. Murja ta yunƙura za ta gudu ta koma, sai ta ga ba hali, duk filin ba mai motsi, in ta taka ita kaɗai za a kalla. Ta zauna a inda take, a gindin ƙafafunsa, kai a sunkuye, kayan jakarta a warwatse. Sautin na shiga ta ƙirjinta yana fita ta baya. A da can daga nesa take jin sa, cikin mata, ba ta taɓa sanin ana jin numfashin mai busar ba, yadda yake jawo shi da ƙyar, yadda ƙafarsa ke ɗan karkarwa. Safar hagu ta fara zamewa kaɗan-kaɗan, don ba ta da kaurin da za ta riƙe. Ta zuba mata ido tana roƙon Allah a ranta. Igiyar ta riƙe.

Ya kai ƙarshe bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya datse sautin cak. Shiru ya biyo baya, irin wanda ake yi wa matattu, sai kaɗawar tuta.

A cikin shirun, bai dube ta ba, ya ce a hankali, «Tashi, Murja. Ƙasar da sanyi.»

Ta tattara carbinta da makullinta. Ta miƙe da ƙyar, zanenta ya jiƙe a gwiwa, ciyawa ta manne masa. Ta juya. Layin 'yan ta'alim na can ƙarshen fili, fuskoki a jere, duk suna kallonta, kujerarta ce kaɗai babu kowa a tsakiyarsu. Ta gyara mayafi, ta kama hanya.